Bargon Inna a Bangon Ofis

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara masa sauƙin ciwon bayan nan, ya kuma ba 'yar likitarmu sa'ar jarrabawar da take shiri. Mu nan alhamdu lillahi. Baban yara yana nan yadda kika san shi, tun da ya ajiye aiki ya auri rediyo, kullum yana ƙofar gida yana gyara wa masu labarai magana, hawan jinin kuwa da sauƙi in ya ga damar shan magani. Babban yaron an yi masa canjin wurin aiki, matarsa ta yi nauyi sosai, muna sauraron alheri. Idona da aka yi wa aiki ya warke sarai, har ina zura zare a allura ba tare da na kira kowa ba. Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Gidan ne ya cika, bango ma kunne gare shi, kuma na san kaina, in na fara wannan magana da baki muryata ba za ta kai ni ƙarshe ba.

Matar maƙwabcinki da ta zo ganin gida ita za ta kawo miki saƙon. In kin kwance za ki ga suwaita ruwan toka ta maigidanki, da hulunan sanyi da safa na yara, da mayafin ulu da na saƙa miki. Za ki zazzage jakar ki nemi abin da kika fi jira, ba za ki gan shi ba. Bargon Inna ba ya ciki, Auta. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma kasa gamawa na yi ba. Na gama shi, na wanke, na goge, na ninke da hannuna. Ki zauna ki karanta a tsanake, don ke ce mai haƙƙi a kansa, kuma bai kamata ki ji a bakin wani ba.

Kin tuna ranar da muka buɗe akwatin Inna bayan rasuwarta. Kika ɗaga rigar farko, ƙamshinta ya buge ki, kika ajiye kika fita tsakar gida. Da kika dawo kika ce ba ki son komai a ciki, ba za ki iya kallon tufafin ba kowa a cikinsu ba. Abu ɗaya kika roƙe ni, in yayyanka su in haɗa miki bargo, tunda can inda kuke sanyi ba ya wasa, ki riƙa lulluɓa da shi. Na ce miki kin gama magana. Sai da na yi watanni almakashi na hannuna na kasa sa wa rigar farko. Daga baya na daure. Kin san ɗan ɗakin nan na bayan kicin, mai taga ɗaya da ke kallon tankin ruwan maƙwabta, inda keken ɗinkina yake, da gwangwanayen biskit na maɓallai, da kwandon ulu. A nan na baje su. Rigunan aikinta na asibiti masu ruwan sararin samaniya da suka koɗe don wanki, da zanin nan mai ɗigo-ɗigo da take zuwa kasuwa da shi, da ɗankwalayenta, har da labulen ɗakinta mai furanni. Da koriyar rigar nan da kika ƙona da dutsen guga kina yarinya, kika ɓoye ƙarƙashin katifa, Inna ta gano ta yi ta dariya har ta manta da faɗan. Ban yar da wurin ƙunar ba. Na yanko shi da shacin dutsen gugar a jiki, na sa shi a tsakiyar bargon, don in kin gani ki yi dariya ko da kina kuka.

Kusan shekara biyu ina kansa. Haɗin ƙyallayen kawai na yi a keke, amma da na shimfiɗa auduga a tsakani na sa shafi, duk ɗinkin da ya riƙe su da hannu na yi, ɗinki bayan ɗinki, har yatsana ya yi kanta. A lokacin yanar idon ta riga ta fara rufe ni, sai in jawo kujera bakin taga in kusa da ƙyallen kamar mai shinshina. Wani layin in na duba da safe in ga ya karkace, in farke in sake. Ban taɓa jin gajiya ba. Zama ne nake yi da Inna, ina ba ta labarin gida.

Kin kuma san yadda gidan yake tun da 'yata Gimbiya ta dawo da mijinta da yaransu, wai na 'yan watanni kafin a gama gininsu. Ginin yana nan ko rufi babu, 'yan watannin sun haifi shekaru. Ban taɓa ƙorafi ba, gidan ubanta ne. Amma aikin hannuna bai taɓa yi mata daraja ba. Ɗakin ɗinkin nan tarkacen Mama take kiransa, kuma ba sau ɗaya ba ta ce da an kwashe an yi wa yara wurin karatu. Suwaitar da na saƙa wa 'yarta ta fari, ta ce kalar ta tsofaffi ce, yarinya ba za ta shiga cikin 'yan makaranta da ita ba. Hular da na yi wa surukina kuwa na ganta a motarsa, da ita yake goge gilashi, har yana yaba mini wai tana tsane ruwa sosai. Na yi dariya na ce Allah ya sa ta daɗe tana aiki. Irin waɗannan ba sa hana ni barci. Mai saƙa ya saba, yana yi ne don hannunsa ba ya iya zama, ba don a gode masa ba.

Na gama bargon ana saura kaɗan a yi mini aikin ido. Na sa shi a leda na ɗora a saman durowar ɗakina, ina jiran mai zuwa wajenku. Zan faɗi gaskiya, a jinyar nan Gimbiya ta yi abin da ya kamata 'ya ta yi. Ita ta kai ni asibiti, ita ke ɗiga mini magani kafin ta tafi aiki, ita ke wanke mini kai don kada ruwa ya shiga idon. Har na ce wa Baban yara ashe yarinyar nan bakinta ne kawai mai kaifi, zuciyarta fara ce. Ban san cewa a kwanakin da nake kwance da auduga a ido, ba na ganin ko tafin hannuna, a lokacin ledar ta sauka daga saman durowa ba.

Da aka ce mini matar maƙwabcinki ta iso, na taka kujera na laluba, sai ƙura. Na birkice ɗakin. Da Gimbiya ta dawo aiki na tambaye ta, ba ta ko ɗago kai daga waya ba ta ce ta kai wa masu wanki da guga, wai ta ga ya yi ƙura. Na ce a raina bargon da ke cikin leda ina ya ga ƙura. Bayan kwana biyu na sake tambaya, ta ce injinsu ya lalace. Na sake, ta ce mai shagon ya yi tafiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar nan muna shan shayi da safe, surukina, wanda ba a sanar da shi abin da zai ɓoye ba, ya ce ai ya je ɗaukar matarsa ya ga bargona a ofishinsu, ya ƙawata wurin ƙwarai, ya kamata in je in gani. Gimbiya ta zubar da shayi a siket ɗinta, ta miƙe ta ce ta makara.

Ban ce wa kowa komai ba. Da hantsi na shirya na hau bas. Kin san ban taɓa zuwa wurin aikinta ba. Dogon gini ne duk gilashi, a kan babban titi, da mai gadi a ƙofa wanda ya dube ni daga sama har ƙasa kafin ya bar ni. Ina shiga sanyin na'ura ya doke ni. Ga kujerun baƙi na fata, ga tukwanen furanni na roba, ga wata budurwa a bayan dogon tebur tana amsa waya. A bangon da ke bayanta kuwa, Auta, ga Inna. An miƙe bargon an sa shi cikin katako da gilashi kamar hoto, an haska masa 'yan fitilu daga sama. A ƙasa an manna wani ɗan ƙarfe mai rubutu. Na matsa da sabon idona na karanta. Sunan Gimbiya ne, da cewa aikin hannunta ne, kyauta ga ma'aikatarsu. Da ma ba a yi mini aikin idon ba, da na ce ban gani daidai ba.

Ina nan tsaye sai ga manajarsu ta fito rakiyar baƙi. Mace ce mai fara'a, ba zan ɗora mata laifi ba. Budurwar ta gaya mata ko ni wace ce, ta riƙe hannuna biyu tana murna, ta aika a kira Gimbiya. Ta ce in gode wa Allah da ya ba ni 'ya mai hannun zinariya, wai duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya ɗauki hoto. Ta ce abin da ya fi burge ta yadda mace mai aiki da yara take samun lokacin irin wannan, wannan ya nuna mata mutum ce mai haƙuri da tsari, irin wadda ake ba amana. Har ta nuna wurin ƙunar nan taki ta ce Gimbiya ta bayyana musu da gangan ta ƙona shi, wai alama ce ta wahalar da mata ke sha. Wahalar mata, Auta. Ɓarnar da kika yi kina ƙoƙarin goge rigar Inna.

Gimbiya ta fito daga lif ta gan ni. Ban taɓa ganin fuska ta zube haka ba. Ta tsaya a bayan manajar, idonta a kaina, leɓenta na motsi ba sauti, kamar ranar da aka kira ni makarantarsu tana ƙarama. Manajar ta juyo ta tambaye ni ko a wurina ta gaji sana'ar. Kalma ɗaya ta ishe ni. Da na ce su miƙo mata allura ta sa maɓalli, da magana ta ƙare. Ga ma'aikata sun taru, ga baƙi. Na dubi 'yar da na haifa, na ga yadda hannunta ke matse katin aikin da ke wuyanta. Sai na ji bakina yana cewa eh, a gida ta gani. Manajar ta sa aka ɗauke mu hoto a gaban bargon, ni da Gimbiya da ita, ta ce in yi murmushi. Na yi. Aka ba ni lemo a kofin takarda, na riƙe shi har tashar bas ban sha ba.

Da yamma ta same ni a ɗakin ɗinki, ta rufe ƙofa. Na zaci haƙuri za ta ba ni. Da farko ta yi kuka, ta ce ba da niyya ta fara ba. Wai hira ake a ofis kowa na faɗin abin da yake yi a gida, ita ba ta da abin faɗa, sai ta nuna hoton bargon a wayarta, aka tambaya ko ita ta yi, ta ce eh. Manaja ta ce ta kawo a gani, da aka gani ta ce ya dace da sabon zauren baƙi, ita kuma ga maganar ƙarin girma a gaba, ta kasa cewa a'a. Har nan ina sauraro, zuciyata ta fara sanyi, don na san yadda ƙaramar ƙarya ke jan babba. Amma da na ce to ta je ta karɓo, na Antinta ne, sai hawayen ya ɗauke. Ta ce in ta karɓo me za ta ce musu, so nake a kore ta? Ta ce ai tsofaffin tsummokara ne, a can ana ganinsu ana yabawa, a wurinki kuwa kan gado kawai za su ƙare. Ta ce in zaɓi yadi mai kyau ko nawa ne ta saya, in yi miki wani, tunda ba abin da nake yi sai zama. Na ce ta fita ta ja mini ƙofa.

Baban yara da na gaya masa ya rage muryar rediyo, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya ce yarinya ta yi laifi babba, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in bar maganar kada a yi asarar aiki a kan bargo. Na ce masa har yanzu shi ma bargo yake gani. Ya ce to me nake so ya yi, ya je ya fasa gilashin mutane? Shi ya sa nake roƙonki kada ki ɗaga waya ki kira ta, kada kuma ki nemi lambar ofishin. Na san zuciyarki, ta Inna ce, ba kya barin ta kwana. Ni na tsaya a gaban mutane na sa hannu a kan ƙaryar, in kika tona yanzu har da ni za ki tona. Ki yi haƙuri ki yafe mini rabonki da na kasa tsarewa.

An ba ta ƙarin girman. Ta shigo da kek da lemuka, yara na tsalle, surukina na ta ɗaukar hoto. Na yi mata addu'a, kuma har zuciyata na yi, don ba uwar da ke son ganin 'yarta a ƙasa. Na ɗauka shi ke nan, kura ta sha bugu gardi ya karɓi yabo, sai mu rufe babin. Ashe da saura. Makon da ya wuce ina zaune ina ƙarasa wuyan suwaitar maigidanki, ta shigo da fara'a ta zauna a bakin keken ɗinki, wurin da ba ta taɓa zama ba. Ta tambayi idona, ta yaba saƙar. Sannan ta ce shugaban kamfanin gaba ɗaya ya zo ziyara ya ga bargon, matarsa tana son irinsa sak, manaja kuma ta riga ta amsa a madadinta. Ta ce ta san zan iya, kuma wannan karon za ta taya ni da yankan ƙyalle.

Na ajiye tsinken saƙa na dube ta da kyau. Na ce mata irinsa sak ba a sayen kayansa a kasuwa, da tufafin uwa ake yinsa, kuma sai uwar ta mutu. Na nuna mata durowata na ce ga su nan a ninke, ta ƙara haƙuri kaɗan, in an fitar da ni ta sa almakashi ta yi wa matar shugaba. Auta, magana zarar bunu ce. Na ga lokacin da maganar ta shige ta. Ta miƙe a hankali, ta fita ba ta ko ja ƙofa ba. Ba zan ce miki na yi nadama ba, ba kuma zan ce na ji daɗi ba. Na ɗauki saƙata na ga na zubar da idanun saƙa da yawa, sai da na warware layin gaba ɗaya.

Tun ranar gaisuwar maƙwabta muke yi. Ta ce ina kwana, in ce lafiya, ta wuce. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ban kuma san abin da ta gaya wa manajarta ba. A tebur ɗaya muke cin abinci, cokula ne kawai ke magana, Baban yara yana ta jawo labarin duniya ba mai kama masa. An ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma su ba su da inda za su je ne. Jiya da safe bayan ta tafi aiki na buɗe ɗakin ɗinki na tarar da babbar jaka a bakin ƙofa. Na leƙa. Ulu ne mai laushi irin wanda nake shafawa a shago in ajiye, da yadi kala-kala, da sabon almakashi. Ba takarda, ba saƙo a bakin kowa. Na tsaya a kanta na daɗe. Ni na haife ta, ni na goya ta, amma wallahi na kasa gane ko ban haƙuri ne ta ajiye mini, ko kuwa kayan aikin matar shugaba ne. Jakar tana nan inda na same ta, ina tsallake ta in shiga, in tsallake ta in fita.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce in hannun suwaitar ya yi masa tsawo ya naɗe, da idon tuni na auna shi. Ki gaida 'yar likitarmu da Sarkin Barci da ƙaramarsu mai wushirya, ki gaida surukarki da jiki, da matar maƙwabcinki da ta ɗauki nauyin kaya. Baban yara yana gaishe ku, babban yaron da matarsa ma haka. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta, ya shirya mana zuriya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce taki har kullum,
Yayarki.